Bindigar Pui-shan da Akwatin Awo

Duk wanda ya san ni a unguwar Kwun Tong ya san bakina ba ya kwana da magana. Shekara saba'in da huɗu ina duniya, sirri ɗaya tak na taɓa riƙewa, kuma shi ne wanda ya kamata in fasa tun ranar da na ji shi.

'Yata Pui-shan ma'aikaciyar jinya ce, shekarunta arba'in da shida, amma da ta tuɓe kayan asibiti ba ta da zance sai harbi. Bindigarta ta iska ce, mai tofa 'yan ƙwallayen roba, irin wadda ake gasa da ita a nan. Shekara bakwai tana sauya mata kaya, yau kunama, gobe bututu, har ban san abin da ya rage na asali ba. Kuma hannu ɗaya ke taɓa ta, na Sifu Mak mai gyaran bindigogi, Sifu kuwa a yarenmu gwani ke nan. A teburin cin abinci ba ka jin komai sai Sifu Mak ya ce, Sifu Mak ya yi. Mijinta Yiu-tong, direban ƙaramar bas, yana ji yana tura shinkafa, bai taɓa tankawa ba.

Bana ƙungiyarsu za ta tura mace ɗaya gasa a Taipei. Rana ɗaya za a yi zaɓen, wadda ta zo ta ɗaya ita ce mai tafiya. Sau biyu Pui-shan tana zuwa ta biyu, ga shi idonta ya fara neman tabarau. Ita da bakinta ta ce in ba bana ba, shi ke nan.

Saura sati uku, na dawo daga kasuwa da wuri, sai na tarar da surukina a kicin, ya shimfiɗa jarida, bindigar tana kwance a kai, yana ta gumi.

"Mama! Kin dawo da wuri."

"Kifi ya ƙare. Kai kuma me kake yi da abin da ko ƙurarsa ba a yarda in goge ba?"

Ya nuna min wani ƙarfe kamar mazurari da yake ɗaurawa a gindin mariƙin bindigar. Wai idan harsashi ya ƙare ana tsakiyar harbi, shi ke sa sabon gidan harsashi ya shige da sauri ba lalube. Pui-shan ta aike shi ya kai wa Sifu Mak bindigar ya saka mata irinsa, shi kuma ya zarce kasuwar Mong Kok ya sayo da kansa, ya zaɓi mafi faɗi a shagon.

"Mai faɗi ai ya fi, Mama. Ko makaho ba zai kuskure ba. Ranar da ta ci, muna shan shayin Lahadi, sai in ɗaga hannun nan in ce ga Sifun. Don girman furfurarki kar ki faɗa."

Na yi alkawari. Ba don tausayinsa kaɗai ba, in faɗi gaskiya. So nake in ga fuskar 'yata ranar. Ta karɓi bindigarta da yamma, ta juya ta, ta ce ka ga aikin gwani. Na kusa shaƙewa da miya.

Ranar Asabar ɗin zaɓen na bi ta riƙon jaka, Yiu-tong yana aiki sai ƙarfe uku. Wurin harbin yana hawa na sha ɗaya a tsohon ginin masana'anta, inda na yi ɗinkin wuyan riga ina budurwa. Aka ɗaura min tabaran kariya, muka shiga layi. A gaba wani siririn alƙali, Mista Fok, yana zaune da ɗan akwatin katako. Kowa ya zo sai ya kwantar da bindigarsa ciki, a ja murfi.

"Wannan kuma na mene ne?" na tambaye ta.

"Awo ne, Mama. A rukuninmu dole bindiga ta kwanta ciki murfi ya rufe. In ya ƙi, sai a jefa ka rukunin masu manyan bindigogi, kuma makin can ba ya kai mutum Taipei."

Na dubi jakar da ke hannuna.

"Kin gwada taki?"

"Me zan gwada? Sifu Mak yana da irin akwatin a shago. Ba ya sakin aiki sai ya rufe murfi a kai."

Mutum huɗu ne a gabanmu. Na ce zan zaga bayi, na laɓe bayan ƙofa na kira Yiu-tong. Bai ɗauka ba, yana tuƙi. Na sake kira. Na dawo saura biyu. Na ƙura wa akwatin ido, na ƙura wa jakar, ina aunawa da ido kamar yadda nake auna yadi a da. Wani lokaci in ga zai shiga, wani lokaci in ga ina! Na buɗe baki, sai na ce a raina, in ya shiga fa? Na tona yaron nan a banza, na ɓata mata rai ana saura minti kaɗan ta yi harbi. Na rufe bakin. Na ciro hankici na share goshi.

"Mama, lafiya? Kin sha maganinki kuwa?"

"Na sha. Zafi ne."

Layi ya zo kanmu. Ta kwantar da bindigar. Mista Fok ya ja murfi, murfi ya tafi sumul, ya zo ƙarshe ya tsaya. Ya gyara mata kwanciya ya sake ja. Ya tsaya. Abin da ya hana bai fi kaurin farce ba.

"'Yar'uwa, aikin wa ne wannan?"

"Na Sifu Mak."

 Sifu Mak yana can gefe da gorar shayinsa, tsoho ne mai gajeren wuya da gajeren haƙuri. Ya taso a hankali, ya leƙa, ko taɓawa bai yi ba.

"Ba nawa ba ne."

"Sifu, mijina ya kawo maka, sati uku da suka wuce."

"Mijinki rabona da shi tun sabuwar shekara. Shekara talatin ina wannan aiki, murfi bai taɓa ƙin rufuwa a kan hannuna ba. Dubi yadda aka ci kan sukurun, kamar ɓera ya gwada haƙori."

Pui-shan ta juyo ta dube ni. Ta san ni. Ta san babu abin da zai faru a kicin ɗina ban sani ba.

Sai na faɗa. A gaban mutum talatin, ni da na saba faɗin na wasu ina jin daɗi, na faɗi namu. Wani a baya ya ce, "Kai, soyayya!" aka yi dariya, Pui-shan ba ta yi ba.

Mista Fok ya dubi agogo. "Rukuninku zai fara nan da minti goma sha biyar. In kin dawo ya rufe, ban ga komai ba."

Na kama hannun rigar Sifu Mak. "Sifu, ni tsohuwa ce, ka ji kunyata. Sunanka mun ɓata, na yarda, ka zage ni har gobe. Yarinyar nan ba ta san komai ba."

Ya yi tsaki, amma ya ɗauko jakar kayan aikinsa. Muka tafi teburin da aka keɓe, don nan kaɗai ake yarda a taɓa bindiga. Ya sa sukuddireba zai kwance mazurarin, sukuru ya ƙi motsi. Ya shinshina.

"Gam ya zuba! Wannan mutum ya ɗauka tayar bas yake ɗaurawa?"

Babu abin yi sai a goge ƙarfen da magagari. Wurin babu abin matsewa, sai mutum ya riƙe. Na miƙa hannu, Sifu ya dubi yadda yake kaɗawa ya ce, "Kaka, ki riƙe kanki dai." Pui-shan ta danne bindigar da hannu biyu, shi yana gogawa, garin ƙarfe yana zuba a kan yatsunta.

A nan ne abin ya cuce mu. Kafin a fara, ana ba kowane rukuni minti biyar su zaga fagen hannu wofi, suna nuni da yatsa, suna ƙirga allunan da za su harba, suna haddace inda za su taka. Ina hango sauran matan suna zagayawa kamar masu motsa jikin tai chi a lambu, 'yata tana nan tana riƙon ƙarfe.

Aka kai akwati. Bai rufe ba. Aka dawo, aka ƙara gogawa. Karo na uku murfin ya ɗan yi gardama, sannan ya ce ƙwas.

"Pui-shan, fage!"

Ta ruga tana soka bindiga a kube. Agogo ya yi ƙara, ta zaro. Ban taɓa ganin ta yi sauri haka ba, tas tas tas, ta tsuguna, ta miƙe, ta sauya gidan harsashi kafin in ƙifta ido. Da ta gama na fara tafi, sai na ga ni kaɗai ke yi. Alƙalin fage ya taka zuwa bayan wata shuɗiyar ganga ya nuna. Akwai allo ɗaya a ɓoye a can, fari fes, ko ɗigo babu. Duk wadda ta zaga ta san da shi.

Fage biyar suka rage, ta ci huɗu. Na yi ta ƙirgawa da yatsu ina cewa ko zai isa, na tambayi mai rubuta maki har ya fara guduna. Ƙarfe huɗu aka liƙa takardar sakamako a bango. Ta biyu.

Ta kwashe kayanta, na bi bayanta. Muna tsaye bakin lifta ƙofa ta buɗe, ga Yiu-tong da sabuwar riga, riƙe da kwalin kek ɗin ƙwai mai ɗumi. Ya dubi fuskarta, ya dubi tawa, ya ja da baya ya ba mu wuri.

Muka fara sauka. Hawa na tara na faɗa masa a taƙaice. Hawa na bakwai ya sauke kwalin ƙasa-ƙasa kamar zai ɓoye shi bayan ƙafarsa. Sai wajen hawa na huɗu ya yi magana, murya can ciki.

"Amma gidan harsashin... ya shige da sauri?"

Pui-shan tana kallon lambobin da ke sauka.

"Ya shige," ta ce.