Azara ta Bakwai

Takardar garantin ta kwana goma a aljihuna ban sa hannu ba. Jibril ne ya kawo ta, wakilin wani kamfani daga Katsina, mutum mai daɗin baki wanda ko gaisuwa ya yi sai ka ji kamar ciniki ne. Bayaninsa a fili yake: ka biya kuɗin shekara, duk abin da ya lalace a gida, famfon burtsatse ko sola ko wayoyin lantarki ko rufin kwano, su ne za su gyara.

Ni kuwa na gaji da masu gyara. Bara sau uku famfonmu yana mutuwa, matata Juwairiyya tana sayen ruwan 'yan garuwa tana hararata. Sai dai akwai sharaɗi guda. Da Jibril ya zagaya gidan, ya tsaya a zaurenmu na ƙasa, wanda mahaifina ya sa aka gina a nan unguwarmu kusa da rijiyar Kusugu, ya ɗaga kai ya taɓe baki.

"Malam Sharfaddeen, wayar gidan nan ta cikin zauren nan ta bi. Kamfani ba ya ɗaukar ginin ƙasa. Sai an rushe an yi na bulo."

A zauren nan aka raɗa mini suna, a nan aka sallaci mahaifina. Amma na riga na kira masu rushewa, na ce su zo ranar Asabar. Ina son zauren, amma tsoron damina ya fi ƙarfina.

Ranar Alhamis da hantsi aka yi sallama. Na fito na tarar da wani tsoho siriri, ya sauko daga a-kori-kura, an ɗaure wata doguwar azara a bayanta.

"Nan ne gidan marigayi Alhaji Badaru?"

Na ce nan ne, ni ɗansa ne.

"Sunana Zailani, daga garin Babban Mutum. Babana magini ne, shi ya gina zauren nan. Na zo sauya azara ta bakwai."

Na ɗauka wani sabon salon neman kuɗi ne, har na fara haɗe rai. Bai kula ni ba. Ya cire takalmi ya shiga, ya shafa bango kamar mai gaida ɗan'uwa.

"Lokacin da ake rufin nan, auren mahaifinka saura kwana huɗu," in ji shi. "Azara ɗaya ta kasa. Babana ya sa ta giginyar da ba ta ƙosa ba, don kada amarya ta tare a gida babu zaure. Ya gaya wa mahaifinka za ta kai shekara sittin, kafin nan za a zo a sauya. Da babana zai rasu ya kira ni ya lissafa mini gidaje tara, kowanne da lahanin da ya bari da shekarar da za a koma. Naku ne na ƙarshe. Bana sittin ta cika."

Babu takarda a hannunsa, ko ɗaya. Ya ƙirga daga gabas, ya riƙa ƙwanƙwasa azarorin da sandarsa. Shida na farko suka amsa da ƙarfi. Ta bakwai ta yi wani sauti kamar fankon ƙwarya.

Kwana biyu ya yi tare da ma'aikatan da ya ɗauko a gari. Suka tokare rufin, suka buɗe ta sama, suka zaro ta. A waje lafiya lau take, baƙa wuluk kamar sauran. Da Baba Zailani ya danna ta da ƙafa, sai ta karye, gari ya zubo. A ƙarƙashinta nake shimfiɗa tabarma kullum in sha shayi. Na zauna a ƙasa ina ta salati. Mutumin da ban taɓa gani ba, wanda ya shekara talatin a kabari, ya san ranar da rufina zai gaza.

Na kawo kuɗi, ya ƙi karɓa, sai na ma'aikatan.

"An biya babana cikakken zaure, ya ba da shi da saura. Sauran na kawo."

Ranar Asabar na sallami masu rushewa. Jibril ya kira, na ce masa in kamfaninsu zai ɗauki famfo da sola kaɗai, ina so, in kuwa sai da zauren, to su riƙe takardarsu. Ya ce zai tambayi manya. Har yau yana tambaya.

Da zan raka Baba Zailani tasha na ce, "Baba, bayan kai wa zai zo?"

Ya dogara sandarsa ya ce:

"'Ya'yana duk direbobi ne, ba wanda ya taɓa ƙasa. Don haka kai zan gaya wa. Indararon yamma gajere ne, ruwa yana lasar bango. Duk shekara uku a yi yaɓe a wajen. Azarar da na sa za ta kai shekara tamanin. Ta uku kuwa, a duba ta nan da ashirin da biyar."

Shekarata hamsin da takwas. Da na koma gida na kira 'yata Rauda, wadda ta zo hutu daga jami'a, na tsayar da ita a tsakiyar zauren.

"Ajiye wayar nan," na ce. "Ƙirga daga gabas."