Kalmar da Baba Ya Saka a Doka

Wata huɗu ke nan da gwamnatin jiha ta tsayar da tallafin da take bai wa ƙaramar hukuma, kuma Babbar Nas ta fi kowa ji a jika. Ita ke riƙe da ɗakin haihuwa na asibitin unguwa. An kashe firijin allurai saboda babu man janareta, ungozoma biyu sun ajiye aiki.

Rigimar a kan kalma ɗaya ce. Doka ta ce tallafin na "raya wuraren kiwon lafiya" ne. Lauyan jiha ya kafe cewa raya wuri gini ne: bango, rufi, fenti. Lauyar ƙaramar hukuma ta ce har da magani da albashi. Da ja-in-ja ya ƙi ƙarewa, alƙali ya ce a nemo wanda zai faɗi abin da majalisa ta nufa. Cikin waɗanda suka rubuta dokar shekara talatin baya, mutum ɗaya ya rage a duniya: mahaifin Babbar Nas.

Baba ya haura tamanin. Wata rana ya kawo maka lambar motarsa ta farko, wata rana ya kira jikarsa da sunan ƙanwarsa da ta rasu.

Ranar shari'a Babbar Nas tana ɓalla masa maɓallin riga, sai ta ce:

"Baba, kun dai tuna abin da kuka nufa?"

"Ke, yau kuma ni za ki koya wa karatu?"

Ta haɗiye sauran maganar. Lauyar ƙaramar hukuma ta riga ta gargaɗe ta kada ta sa masa magana a baki.

A kotu ta zauna a benci na biyu, gumi na bin bayanta duk da fankar da ke juyi. Aka ba Baba kujera, aka rantsar da shi. Lauyan jiha ya matso, yana murmushi.

"Ranka ya daɗe, me majalisa ta nufa da raya?"

Baba ya yi shiru, yana kallon sandarsa. Shirun ya yi tsawo har wani ya yi tari. Babbar Nas ta damƙe jakarta, ta ce a ranta, shi ke nan, tunaninsa ya tafi.

Sai ya ɗago.

"Ba abu ɗaya muka nufa ba. Masu son gini na gefe, masu son magani na gefe. Kwana uku muna abu ɗaya. Ni na kawo kalmar, don kowa ya hango nasa a ciki ya ɗaga hannu."

"To kai fa?"

"Ni ɗan gini ne. Lokacin a ƙarƙashin rumfar kwano mata ke haihuwa."

Lauyan ya juya zai zauna.

"Tsaya, ban gama ba," in ji Baba. "A zauren majalisar ban ji wanda ya miƙe ya ce a hana magani ba. Da wani ya faɗa, da mun cinye shi ɗanye."

Aka yi 'yar dariya, alƙali ya buga tebur. Ya daɗe yana rubutu, sannan ya ɗage hukunci zuwa mako shida. Kafin nan, ya ce a saki kuɗin magani da man janareta. Albashi kuwa ya jira.

A matakalar kotu Baba ya riƙe kafaɗarta, suna sauka ɗaya-ɗaya.

"Na ɓata miki, ko?"

"A'a, Baba."

"Ƙarya kike. Fuskar uwarki kika yi."

Ita ma ba ta san ko gyara ya yi ko ɓarna ba. Ta kai shi gida, ta ba shi maganin hawan jini, ta wuce asibiti. Tun daga ƙofa ta jiyo nishin mai naƙuda. Ta rataye jakarta a ƙusa, ta buɗe famfo, ta fara wanke hannu.