Kwanuka Talatin da Uku na Nana Aïcha

Gara in faɗi gaskiya tun farko, ban taɓa ɗaukar Zumuntar Jikokin Ayari da muhimmanci ba. Mahaifina Mamuda shi ne ɗan ƙungiya na haƙiƙa. Da ya rasu sai kujerarsa ta faɗo kaina tare da babbar rigarsa, kuma duka biyun sun yi mini yawa. Ni Sufyan, abin da na sani shi ne shagona na kayan gyaran babur a unguwar Albarika. Amma da yake ina rubuta Faransanci ba tare da gumi ba, wata uku da shigata dattawa suka naɗa ni sakatare.

Zaure biyu ƙungiyar take da su, namu a Parakou, ɗayan a Djougou. Dukanmu jikokin fataken goro ne, waɗanda suka riƙa ratsa ƙasar nan da jakuna tun ba a san kwalta ba. A wancan zamani kowane bafatake yana da gidan da yake sauka, mai gida ya ba shi ɗaki da abinci, ya tsare masa kaya. Jakuna sun ƙare, saukar ba ta ƙare ba. Bayan kowace Babbar Sallah zaure ɗaya yakan tashi ya ziyarci ɗayan, bana mu, baɗi su.

Ziyarar tana da ƙa'ida. Baƙi sukan tarar da ƙofar zaure a rufe. Madugunsu, wato shugabansu, zai tsaya ya kira gidaje talatin da uku, kowanne da gidan da ke saukar da shi, bisa jerin da ayari yake tafiya a da. Duk gidan da aka kira, mai masauki ya fito ya ce, "Na karɓa." Sai an kai ƙarshe ake buɗewa. Da ka ake kira, da bakin mutum ɗaya, kuma dole ya zama ɗan garin baƙin. A da zaure uku ne, har da na Nikki. Wata shekara madugunsu ya kakare a tsakiya, aka tsaya har la'asar ƙofa ba ta buɗu ba, suka juya da kunya. Shekara talatin ke nan ba su sake zuwa ba, ba a sake zuwa musu ba.

Madugunmu Baba Awalu ne, tsoho mai shekara tamanin da ɗoriya. Shekara ashirin da shida yana kiran gidajen nan bai taɓa tuntuɓe ba, don haka kowa ya kwanta a kansa. Duk wanda aka ce ya koya sai ya ce baɗi. Saura mako uku mu tafi Djougou, hawan jini ya kayar da shi yana alwala. Ɓarin damansa ya mutu, magana ta ɗauke, idanunsa kaɗai suka rage da rai.

Muka taru a zaurenmu na unguwar Kpébié, aka kawo shi a kan kujera. Mataimakinsa Alhaji Inoussa ya ce a ɗage tafiyar. Baba Awalu ya ɗaga sandarsa da hannun hagu ya buga ƙasa sau uku, har ƙura ta tashi. Kowa ya gane. Ba a taɓa ɗagewa ba, kuma ba a kansa za a fara ba.

Nan ne bakina ya ja mini. Na ce, "Ku bar ni da shi, ai ina da lista."

Alhaji Inoussa ya dube ni ta saman tabarau. "Seketer, ba a karanta takarda a bakin ƙofa fa."

"Zan haddace, Alhaji. C'est simple."

Listar da nake taƙama da ita, ita ce wadda muka kai ofishin gwamnati lokacin sabunta rajistar ƙungiya. Na san an ce gidaje ake kira, amma a tunanina sunan gida shi ne wanda ke kan katin ɗan ƙasa. Na bi mutanenmu ɗaya ɗaya ta waya ina tambayar wa ke saukar da su a Djougou, suna ba ni sunaye ina rubutawa. Mako biyu ina bita a shago, har wani ɗan zemijan, wato ɗan acaɓa, da ya zo sayen sarƙa ya tambaye ni ko wuridi nake yi. Ban gwada a gaban kowa ba, so nake in ba su mamaki.

Ranar tafiya muka cika ƙananan bas biyu bayan sallar asuba, Baba Awalu a gaba an tokare shi da matasai. Da hantsi muka shiga Djougou, karo na farko ke nan da na taka garin. Na zaci zan ga wani katafaren gini. Sai ga tsohon zauren ƙasa matse tsakanin shagon waya da wani bene, da ƙofar katako baƙa wadda hannaye suka goge har tana sheƙi. Mutanen Djougou sun yi sahu cikin fararen kaya, ba mai ko tari. A gabansu madugunsu ne, Malam Muhammad Nur, dogo siriri.

Da ya ga an sauko da Baba Awalu a kujera, ya durƙusa ya kama hannunsa, hawaye na bin gemunsa. Shekara hamsin suna tare. Na ce a raina shi ke nan, tausayi zai buɗe mana ƙofa. Sai ya miƙe, ya share fuska, ya koma wurinsa ya ce, "Wa zai kira?"

Na fito na gyara babbar rigar mahaifina, na ɗaga murya. "Gidan Soumanou Abdoulaye, a gidan Moussa Yacoubou!"

Shiru. Na maimaita. Wata akuya ce kawai ta amsa daga bayan bene.

Malam Muhammad Nur ya ce, "Ɗana, wannan sunan lekol ne, na boko da na takarda. Soumanou na san shi, ga shi can tsaye, jiya ma mun yi waya. Amma ƙofar nan ba ta san shi ba. Kakan kakansa ta sani, wanda ya zo da jaki."

Gumi ya karyo mini har cikin takalmi. Duk abin da na haddace ya tashi a banza, ko gida ɗaya ban riƙe daidai ba. Alhaji Inoussa ya ture ni gefe ya gwada, ya kai gida na bakwai ya tsaya cak. Wani dattijo ya kai na tara, ya sa na goma sha biyu a gaban na goma, aka ce ya koma. Rabinmu matasa ne da muka gaji kujeru, wasunmu ko sunan kakan nasu ba su sani ba, har da ni. Aka yi azahar a waje, su sahunsu, mu namu.

Abin da ba zan manta ba shi ne fuskar Baba Awalu. Sunayen duka suna cikin kansa, ina ganin leɓensa yana fama da su, amma ko ɗaya ya ƙi fita. Hawaye na zuba ta ido ɗaya. Na ji wani a bayana ya ambaci Nikki a hankali, direbanmu kuma ya je ya tayar da mota. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na wannan sa'a ba.

Sai ƙaramar ƙofar gidan da ke jikin zauren ta buɗe, wata tsohuwa ta fito tana dogara muciya a maimakon sanda. Alhaji Inoussa ya raɗa mini cewa Nana Aïcha ce, yayar Baba Awalu, wadda aure ya kawo Djougou shekara sittin da suka wuce. Ita ke shugabantar girkin ziyara. A bayanta mata ne a jere, kowace ɗauke da rufaffen kwano.

"Muhammad Nur," ta ce, "sakwarata ta huce. Tun asuba muke daka."

"Ki yi haƙuri, Nana. Ba a kira gidaje ba."

"To ku matsa in kira."

Maza suka fara gunaguni. Malam Muhammad Nur ya ce, "Kin san ƙa'ida, bakin Parakou ne ke kira."

"A ina aka binne cibiyata? Tambayi wancan na kan kujera, ni na goya shi."

Malam Muhammad Nur ya dubi dattawansa. Ya ja da baya taki ɗaya.

Nana Aïcha ba ta dubi kowa ba. Ta sa aka jera kwanukan a kan tabarma, ta nuna na farko da muciya, surukarta Fatchima ta ɗaga murfi. Tsohuwar ta leƙa ciki.

"Tanko Jan Jaki, jagaban ayari, a gidan Liman Bawa. Miyar kuka, ba barkono, cikinsu ba ya ɗauka."

Wani mutum daga sahun Djougou ya fito kamar an ingiza shi. "Na karɓa!"

"Audu Kintampo, a gidan Gado Mai Rini. Wasa-wasa da man ja, su ba sa son sakwara."

"Na karɓa!"

Haka ta ci gaba, murfi na tashi, suna na fita. Ba ta sauri, ba ta laluben komai. Mutanen da suka mutu tun kafin a haifi kakana suna fitowa ɗaya bayan ɗaya daga cikin kwanon miya, kowanne da abin da yake so da abin da ke ɓata masa ciki. Masu shagon waya suka kashe kiɗa, 'yan zemijan suka tsaya a bakin titi suna kallo. Na dubi Baba Awalu, leɓensa na tafiya tare da nata, suna bayan suna.

A kwano na goma sha tara ta ce, "Ɗan Azumi Mai Kanwa, a gidan Sule Maƙeri. Miyar gyaɗa. Kada a kusance su da agushi, wuya yake kumbura musu."

Alhaji Inoussa ya zungure ni. "Kai ne."

Ina ɗan shekara bakwai aka ruga da ni asibiti saboda agushi. Mahaifina bai taɓa ci ba, 'yata Munira ma ba ta ci. Ban taɓa jin sunan Ɗan Azumi ba, amma ga wata tsohuwa a garin da ban taɓa zuwa ba ta san maƙogwarona. Wani dattijo mai tabon walda a hannu ya fito ya ce, "Na karɓa," sannan ya ƙare mini kallo. "Ɗan Mamuda ne wannan. Ga kunnuwan nan."

Madugu shi ke zuwa ƙarshe, kamar yadda yake bin bayan ayari. Kwano na talatin da uku ƙarami ne, kuma ba ta bar Fatchima ta taɓa shi ba. Ta ajiye muciya ta ɗauka da hannunta.

"Madugu Na-Salga, a gidan Alfa Sanda. Su komai suna ci, ba su da zaɓe." Ta dubi ƙanenta a kan kujera. "Amma bana kunu na dama masa. An ce mini ba ya iya tauna."

Alfa Sanda kakan Malam Muhammad Nur ne. Ya tako gaba ya ce, "Na karɓa." Ya juya ya zare sakata da kansa, ƙofar ta buɗe da wani dogon kuka.

Mutum huɗu muka ɗaga kujerar Baba Awalu. Muna zuwa daidai yayarsa sai ya miƙa hannun hagu ya damƙe bakin mayafinta, ya ƙi saki. Mace ba ta taɓa shiga ta ƙofar nan ba. Muka tsaya da kujera a sama muna duban Malam Muhammad Nur. Ya ce, "Wanda ya kira shi ke fara shiga." Ta shiga gabanmu da kwanon kunu a hannu.

Bayan an ci an yi addu'a, na zagaya madafa na same ta zaune a kan turmi. Na durƙusa na tambaye ta wa ya koya mata.

"Wa zai koya mini? Uwar mijina ce ta ce in jera kwano yadda ayari ke isowa, na gaba ya fara ci. In ka ba mutum abin da zai kwantar da shi, ai ka ci amanar baƙo. Dole ka san na wa kake zubawa."

Na ciro waya na ce ta maimaita in ɗauka.

"Mayar da portabul ɗinka aljihu, Seketer. Ba kai ne mai lista ba?" Matan suka kwashe da dariya. Ta nuna tulin kwanukan da muciya. "Naɗe hannun rigar ubanka. Duk wanda ka ɗauka, ka faɗi mai shi da abin da aka zuba masa, sannan ka wanke. In ka yi kuskure a mayar da shi cikin marasa wanki."

Har la'asar sakaliya ina tsugune a gaban baho. Kwanon Audu Kintampo kaɗai sau huɗu na wanke shi. Washegari ma haka, kuma kafin shekara ta zagayo na koma Djougou sau shida, ba don komai ba sai wanke-wanke.

Baba Awalu ya rasu da damina. Nana Aïcha ta bi shi bayan wata bakwai. Da ziyara ta sake zagayowa kanmu, ni na tsaya a gaban baƙar ƙofar nan. A gida na goma sha huɗu kaina ya ɗauke, ban ga komai ba. Sai na rufe ido na tuna miyar kuɓewa busasshiya da kifi, sunan ya biyo ta. Na kai talatin da uku, aka zare sakata.

A ciki Fatchima ta aiko da kwanuka. Na ɗaga murfin nawa, miyar gyaɗa ce, babu agushi. Na daɗe ina kallonta kafin in iya sa hannu.