Kumfa a Jikin Salansa

Shan kwalba laifi ne. Amma laifin da ya fi shi cin rai shi ne gida ya sani, gida ya yi shiru, har mai sha ya ɗora hannu a kan ran wani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mai Kunne ake ce masa a rumfar gyaran ƙananan jirage. Ba a banza ya sami sunan ba. A da, in an ta da inji, yakan karkata kai kaɗan ya ce, "Salansa na yoyo ta hagu," a buɗe a tarar haka ne. Sai ya yi wani tari da ya daɗe, aka ba shi maganin ruwa mai zaƙi. Tari ya tafi, kwalba ta zauna.

Ran da abin zai faru, matarsa ta ciro kwalba biyu daga cikin takalmin aikinsa, ta kai wa surukarta a ɗaki.

"Inna, kin ga fa. Jiya yana cin abinci cokali ya tsaya masa a hanya, yana murmushi shi kaɗai. Ni dai zan gaya wa Auta."

Auta ƙanin Mai Kunne ne, matuƙin jirgi, kuma wansa ne ke duba masa jirgin da yake tashi da shi.

"Ki gaya masa ya yi me?" in ji Inna. "Ya kai wansa gaban manya a kore shi? Maganin tari ne, ba giya ba. Mace tagari ita ce murfin gidanta."

"Murfi kuma a kan wuta, Inna?"

"Mayar masa da abinsa inda kika gani."

Ta mayar. Ita ma da nata kason a ciki, Allah Ya yafe mata.

* * *

Hantsi ya shigo rumfar ta ramukan kwano, ya zubo ƙasa kamar zaren auduga. Jirgin na tsaye an kwance masa murfin inji. Ƙarami ne, mai farfela ɗaya, amma yana da turbo, wato ɗan kaskon ƙarfe da hayaƙin inji ke juya wa fanka a ciki, don jirgi ya sami numfashi can sama inda iska ta yi ƙaranci. Bututun hayaƙin irin wannan jirgi yakan yi ja kamar garwashi, ya huce, ya sake ja. Ƙarfe ma yana gajiya. Kuma a jikin bututun akwai wata rigar ƙarfe da iska ke bi ta ɗumama kafin ta shiga wurin matuƙi. In bututu ya tsage a ƙarƙashin rigar nan, hayaƙin da ba shi da wari ba shi da launi zai bi ɗumi ya shiga.

Shi ya sa masu sana'ar ba su yarda da ido kaɗai ba. Sukan tuɓe rigar, su toshe bakin salansa, su hura iska ciki, su shafa ruwan sabulu a kowace gaɓa da kowane ɗinkin walda. Inda kumfa ta tashi, nan ɓaraka take.

Auta ya shigo da jakarsa a kafaɗa, yana cin gyaɗa.

"Yaya, har yanzu kana yi wa amaryata wanka? Likita na jirana a can ƙauye, magani zan kai masa."

"Amaryar taka ta tsufa, haƙuri ake da ita."

"Ai tsohuwar zuma ce. Idonka ya yi ja, ba ka yi barci ba?"

"Sauro."

"Sauron gidanku kam ya fi na kowa ƙwazo." Ya yi dariya, ya wuce duba yanayin sama.

Mai Kunne ya riga ya sha rabin kwalba a bayan rumfa. Yanzu ta fara hawa. Ƙarar injin hura iska ta koma nesa, kamar ana ruwa a wani gari. Ya tsoma buroshi a ruwan sabulu, ya shafa a ɗamarar da ta riƙe turbo. Shiru. Ya shafa a gwiwar bututu. Shiru. Ya shafa a ɗinkin da riga ke rufewa.

Sai kumfa ta fito. Ɗaya tukuna, ƙarama kamar idon kifi. Ta kumbura a hankali, hasken kwano ya shiga cikinta, ya ga kore da shuɗi da ruwan hoda suna yawo. Ya ga rumfar duka a ciki, a kife, da jirgi da shi kansa. Wata ta biyo, wata ta hau bayanta. Ya tuna 'yarsa ƙarama a bakin baho ranar wanki, tana hura kumfa ta cikin dunƙulen hannu tana cewa, "Baba, kama, kama." Ya ji daɗi ya rufe shi kamar bargo. Wani abu can ƙasan zuciyarsa na ƙwanƙwasa ƙofa, yana cewa wannan kumfa magana take yi. Amma ƙofar ta yi nisa, kuma hanyar zuwa gare ta duk laushi ce.

Ya daɗe yana kallo. Daga baya ya sa tsumma ya goge wurin a hankali, kamar mai share wa yaro baki. Ya mayar da riga, ya ɗaure kusoshi, ko ɗaya bai manta ba. Hannu ya san aikinsa, mai hannun ne ba ya nan.

"Yaya, ka duba?" in ji Auta, ƙafa ɗaya a kan fiffike.

"Na duba. Sauka lafiya."

* * *

A sama akwai sanyi, ko da ƙasa na ƙuna. Auta ya ratsa gajimare, ya fito inda komai fari ne shimfiɗe kamar sabon zanen gado. Yatsunsa suka yi sanyi, ya ja maɓallin ɗumi.

Ɗumin ya zo da daɗi. Kansa ya ɗan sara, ya ce yunwa ce. Allurorin agogunan jirgi da ke gabansa suka fara iyo. Ana kiransa a rediyo, muryar na zuwa kamar ta Inna in tana ta da shi makaranta, shi kuwa yana cewa a bar shi kaɗan. Ya ga kansa yaro a kafaɗar wansa, suna kallon jirgi ta bayan waya, wansa na cewa, "Kai za ka tuƙa, ni zan gyara." Ya yi murmushi. Ya jingina kai da gilashi.

Yadda jirgin ya sauko, Allah kaɗai Ya sani. Manoma sun ce ya zo ƙasa-ƙasa ba hayaniya, ya ja ciki a gona, ya kifa hanci. Da suka fasa ƙofa suka tarar da matuƙi yana numfashi, leɓɓansa jajir kamar mai lafiya.

Masu bincike suka tuɓe rigar ƙarfe. Tsagar ba ta kai tsawon farce ba, ga toka fara-fara ta yi zane a gefenta. Aka ɗebi jinin wanda ya duba jirgin. Jini ba ya rufa asiri.

* * *

Auta ya rayu, in ana kiran wannan rayuwa. Hayaƙin ya ci abin da ya ci a kansa. Yana zaune kullum a tsakar gida a kujerar roba, tsaf da shi, Inna na ba shi abinci a baki. Ba ta ƙara maganar murfi ba.

To ga lissafin Mai Kunne. Takardar izinin taɓa jirgi, an karɓe. Rumfar da ya yi ƙuruciyarsa a ciki, ko ƙofarta ba ya wucewa. Sunan da kunnensa ya saya masa, ba mai kiransa da shi. Matarsa tana nan, amma ba ta ƙara kallonsa a ido ba, ba ta kuma kallon kanta a madubi. Kwalba ya bari, lokacin da barinta ba ya dawo da komai. Da na sani ƙeya ce.

Saura ƙaninsa. Ranar wanki yarinyar takan tsuguna a bakin baho tana hura kumfa, Auta na bin ta da ido har ta fashe a kan katanga, yana dariya marar sauti. In wansa ya gifta, sai ya ɗago fuska a sake, ba zargi ba fushi, ya yi tambayar da ita kaɗai ta rage masa:

"Yaya, ka duba?"