Takardar Tazarce

Malam Abarshi ya goge tabarau da bakin riga, ya warware takardar da 'yan jam'iyya suka raba bayan sallar Juma'a. Mutanen Kazage su bakwai suna zaune a tabarma a ƙofar gidansa da ke unguwar Magajin Gari. Shekara biyar ke nan da ɓarayin daji suka koro su cikin gari, kuma tun yana hedimasta a ƙauyensu shi ke karanta musu kowace takarda.

Bakoji, dattijon cikinsu, ya ce, "Malam, hadari ya fara haɗuwa. Mu koma mu yi sharar gona, ko mu zauna? Me shugaban ƙasa ya ce zai yi da dajin nan idan ya zarce?"

Abarshi ya duba gaban takardar, hoto ne da murmushi. Ya juya bayanta, layi huɗu ne kacal.

"Ya ce a ba shi dama ya ƙarasa ayyukan alheri da ya fara."

Sadisu mai gyaran babur ya yi dariya. "Wanne ya fara, Malam? Ko tabaran ne ya tsufa?"

Abarshi bai yi dariya ba. A zaɓen da ya wuce, a wannan tabarmar ya karanta musu wata takarda mai cewa za a samar da tsaro. Da ya ga yadda suka zuba masa ido, tausayi ya kama shi, ya ƙara da cewa sojoji za su zauna a hanyar Kazage kafin damina. A ransa ya ɗauka abin da ake nufi ke nan. Kan wannan magana Nu'uman, ƙanen Bakoji, ya koma gona da shanun huɗa. A bakin kunya aka ɗauke shi, har yau babu labari.

Bakoji ya matso. "Duba da kyau, Malam. Wancan karon ai har hanyarmu aka ambata."

Abarshi ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya ce, "Ba a ambata ba, Bakoji. Ni na ƙara."

Sadisu ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin babur.

Bakoji ya ja carbinsa har ƙarshe kafin ya yi magana. "Wannan fa ta yau? Ka rage wani abu?"

"Ban rage ba, ban ƙara ba."

"Babu daji a ciki? Babu gona?"

"Babu."

Bakoji ya dafa ƙasa ya miƙe, ya zura takalmansa. Bai dubi Abarshi ba.

"Sadisu, buhun irin masarar nan da muka ajiye, gobe ka ɗora a babur ka kai inji. Yara su ci tuwo."