Inda Aka Kwantar da Rekiya

Wa ya fi laifi, wanda ciwo ya sa ya manta, ko wanda aka damƙa wa abu a shirye ya yi ta gyaransa har ya lalace? Wata biyu Dogara ya yi yana juya wannan tambaya, bai kamo bakin zarenta ba.

Shi ne mai kula da kwamfuta a ofishin wata ƙungiyar raya karkara a Karaye. Ba a makaranta ya koya ba. A Kano ya tsinci sana'ar, a wani shagon buga takardu, yana leƙen hannun masu aiki har nasa ya faɗa. A shekarar 1998, daga Karaye har Rogo, waɗanda suka iya kunna na'urar ba su cika yatsun hannu ba, kuma Dogara ya san da haka fiye da kima.

Da rani dattawan ƙauyensu, Kafin Dafga, suka kawo masa Baba Lado, wanda ya shekara arba'in yana kula da makabarta. Kabarin ƙauye ba a rubuta masa suna. Da damina biyu ta wuce tudun ya baje, sai Baba Lado kaɗai ya san wa ke ina, da inda za a kafa diga ba a taɓa kowa ba. Suka ce a zuba abin da ke kansa cikin na'ura tun yana da sauran ƙarfi.

Tsohon ya daɗe yana kallon fuskar kwamfutar, sannan ya dangwala mata yatsa.

"Akwatin nan zai iya nuna tsamiya?"

"Wace tsamiya, Baba?"

"Ta bakin ƙofa mana. Ka zana ta nan, ka sa suri can, marke daga gabas, kowa ka ajiye shi wurinsa. Taso mu je ka gani da idonka. In ma nuna maka inda Rekiya take."

Rekiya ita ce mahaifiyar Dogara. Yana Kano aka aiko masa jikinta ya yi tsanani, ya ce sai ya ƙarasa aikin da ke hannunsa. Ya iso bayan sadakar uku. Shekara shida ke nan bai taka makabartar ba. In hanya ta biyo da shi ta wajen, sai ya zaga ta bayan gonaki.

"Baba, wannan ba allon zayyana ba ne," in ji shi. "Suna da shekara take so. Ka faɗa kawai, ni in buga."

"To, Malam Bature," in ji tsohon.

Kwana uku suka yi. Baba Lado yakan zauna kan benci ya rufe ido, ƙafafunsa na motsi a ƙasa kamar mai tafiya. "Gindin tsamiya, Sulle mahauci. Kusa da shi, ƙanensa Muntaka. Taku biyu, Yelwa mai fura." Dogara ya riƙa ɗaukar sunaye yana watsar da tsamiya da taku, don babu gurbinsu a layukan da ya tsara. Da suka gama, sai ya ga jerin ya yi masa birkice, Sulle a gaban Audu. Ya danna maɓalli ɗaya, sunaye ɗari huɗu da sha biyu suka jeru daga A zuwa Z. Ya adana sabon jerin a kan na farko, ya buga a takarda. Dattawa suka yi ta sa masa albarka.

Farkon damina ɓarin jikin Baba Lado ya shanye. Mako uku bayan haka aka yi rasuwa, masu haƙa suka zaɓi wuri da ka, diga ta ci karo da itacen wani tsohon kabari. Suka mayar da ƙasa, suka aiko a duba takarda a gaya musu wanda suka taɓa. Dogara ya bi jerin daga sama har ƙasa. Kowa yana nan, ba wanda ya ɓace, amma ba wanda ke da wuri. A nan ya gane cewa tsohon ba sunaye ya karanto masa ba, zagayen makabarta ya yi da shi layi layi, shi kuwa ya share sawun.

Sai bayan wata biyun nan ya je duba Baba Lado. Saude, 'yar tsohon, ta shimfiɗa masa tabarma a zaure.

"Baba, Muntaka ƙanen Sulle, ina yake?"

Bakin tsohon ya karkace, maganar na fita da kyar. "Ina ka tsaya?"

"Ga ni gabanka."

"To daga nan ba na ganin kowa."

Dogara ya tambaye shi inda Rekiya take. Baba Lado ya rufe ido. Ƙafarsa mai lafiya ta motsa sau ɗaya, ɗayar ta ƙi bin ta. Ya buɗe idon yana kallon bango.

"Yaya Dogara, ƙyale shi haka," in ji Saude. "Shi da ƙafa yake tunawa."

Ya koma ofis ya tayar da janareta, ya zana murabba'i a fuskar kwamfutar, ya sa tsamiya a bakin ƙofa. Na'urar ta karɓa ba musu. Tun ran farko ma da ta karɓa. Ya zo sa suri, hannunsa ya tsaya. Bai san ko dama yake ko hagu ba.

Washegari da hantsi ya aro amalanke, ya shimfiɗa bargo. Shi da Saude suka ɗora tsohon. Ya soke takarda da biro a aljihu, ya kama turawa.

"In mun je bai tuna ba fa?" ta tambaya.

"Sai mu dawo gobe."

Da suka isa makabarta, Saude ta tsaya daga nesa. A gindin tsamiya Dogara ya ja numfashi, ya tuɓe takalmansa, ya yi wa mutanen makabarta sallama da muryar da shi kansa bai ji sosai ba. Sannan ya tura amalanken ciki.