Rabin Ƙwayar Brezu

Shekara shida na yi a birnin Cluj ina karatun likitancin dabbobi, amma da na dawo, sunan da ƙauyenmu ya ba ni shi ne "likitar kyanwa". Kawu Axente, yayan mahaifiyata, shi ya raɗa mini shi tun ranar da ya ji cewa a asibitin da nake aiki a birnin Sibiu muna wanke wa kyanwoyi haƙora. Ban taɓa sunkuyar da kai ba. In ya faɗa, sai in ce ya buɗe nasa bakin in duba ko da sauran abin wankewa.

Babana, Ilarie, ba ya tsokana ta, ba ya kuma tambaya ta komai. Tumaki ɗari uku suke kiwo shi da Kawu tun kafin a haife ni. In tunkiya ta yi ciwo ya san abin yi, ko ya warkar ko ya yanka. Karnuka kuwa tuwon masara da ruwan cuku ake zuba musu a kwami, wanda ya yi rai ya yi. Brezu ne kaɗai daban. Ina 'yar shekara goma sha shida aka haife shi a bayan rumbun ciyawa, baƙi ƙirin da farin layi a goshi, ni kuma na ɓoye shi a jakar makaranta na kai shi aka yi masa allurar farko. Yana shekara uku ya tare kyarkeci a bakin garke, ya dawo da rabin kunne. Daga ranar ya zama na Baba. Duk abin da Baba zai kai baki, sai ya zaro wuƙa ya raba biyu: burodi, cuku, kitsen alade. Albasa ce kawai yake ci shi kaɗai.

A watan Mayu ake hawa dutse da tumaki, tafiyar kwana biyu a ƙafa. Karen da ba zai iya hawa ba, ba a barin sa a ƙauye a ɗaure yana kuka. Jajibirin tafiya mai shi zai zagaya da shi bayan tudu da bindiga, ya dawo shi kaɗai. Ba a aika wani. Haka kakana ya yi wa nasa, haka Baba ya yi wa karnuka huɗu kafin Brezu.

Bara da kaka, ranar da aka sauko, Brezu ne na ƙarshe da ya shigo ƙauye. Jakuna ma sun riga shi. Yana jan ƙafafun baya, yana tsayawa ya huta a kowace ƙofa. Shekararsa goma sha ɗaya. Maza na tsaye a ƙofar gidanmu ana zagayawa da kwalbar giya, sai Kawu ya nuna shi da haɓa.

"Ilarie, wannan ya gama. Sai ka fara goge bindiga."

Ni ce na ce, "Zai hau."

"Da me? A bayanki za ki goya shi?"

"Da ƙafafunsa, Kawu. Kuma zai riga ka kaiwa."

Aka yi dariya, aka ce a rubuta a ajiye.

Na duba shi sosai. Gaɓoɓin ƙugunsa sun cinye, sauran jikinsa lafiya lau, jininsa kamar na ɗan shekara biyar. Na ɗauke shi daga kan siminti na yi masa shimfiɗar ciyawa a jikin bangon murhu. Na kawo buhun abincin tsofaffin karnuka, da man kifi, da maganin ciwo na ruwa irin na karnuka wanda na auna daidai nauyinsa. Na nuna wa Baba layin da zai tsaya a sirinji, sau ɗaya a rana, bayan abinci. Ya saurare ni yana kallon taga, amma ya yi yadda na ce. Duk Asabar nake zuwa. Brezu ya ɗan ji sauƙi, sai dai sauƙin ba na hawan dutse ba ne, ni ma na sani.

A ƙarshen Fabrairu na iso na tarar da shi yana bin kaji da gudu a cikin ƙanƙara. Asabar ta gaba ya tsallake shingen lambu. Har matan coci suka ji. Kawu ya zo ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya ce, "To. Ashe ba kyanwa kaɗai ba." Ban taɓa jin daɗin magana irin wannan ba. Na riƙa tafiya a ƙauye kaina a sama. A Sibiu duk wanda ya kawo mini dabba sai na tambaye shi, ban da abin da na rubuta, me kuke ba shi a gida? Babana ban tambaye shi ba. Na ga dai ya fara dogara sanda, na ce sanyi ne.

Mako guda bayan bikin Ista na zo na samu Brezu a bakin kwamin tumaki yana shan ruwa kamar ba zai daina ba. Da ya ɗago ya yi amai, baƙi, kamar dusar kofi. Na buɗe bakinsa, warin ya gaya mini kafin na'ura ta faɗa. Na ɗebi jini na koma Sibiu a ranar. Ƙodarsa ta lalace, cikinsa yana zubar jini. Na sake gwajin sau biyu. A hanyar dawowa ina ta lissafin maganin da na ba shi, ko na yi kuskuren awo. Ban yi ba.

Washegari da safe na shiga kicin. Baba na zaune, ya ajiye farar ƙwaya a kan tebur, ya ɗora wuƙarsa a tsakiyarta ya danna. Ya haɗiye rabi da ruwa. Ɗaya rabin ya tura cikin ɗan cuku ya murza shi da yatsa.

"Baba, wannan fa?"

"Rabonsa."

"Tun yaushe?"

"Tun da ƙanƙara ta rufe hanyar coci." Ya ɗago yana murmushi, abin da ba kasafai yake yi ba. "Naki na ruwan nan ba shi da ƙarfi, Smaranda, ban dai so in faɗa miki ba. Gwiwa ai gwiwa ce. Tawa ta ji daɗinsa, tasa ma ta ji. Ke ma kin gani."

Ƙwayar ciwon gwiwa ce da likita ya rubuta masa, guda ɗaya kullum. Wata biyu ke nan yana shan rabi yana ɗingishi.

Da na iya lallashi, da na nemi wata hanyar faɗa. Ban iya ba, ba a koya mini a gidan nan ba. Na karɓe cukun daga hannunsa na jefa a murhu.

"Ta mutane ce, Baba. Jikin kare ba ya fitar da ita. Ga kuma nawa a kai. Ta huda masa ciki, ta ƙone masa ƙoda."

Ya dubi wuƙar. Ya naɗe ta a hankali ya sa a aljihu.

"Ni ke nan?"

"Ni da kai. Ni ce ban tambaya ba."

"Zai tashi?"

Na ce zan gwada. Saura kwana ashirin da uku a hau.

Na ɗauki hutu a wajen aiki. Na rataye ledar ƙarin ruwa a ƙusar da ake rataye linzamin jaki, na aske masa hannu na sa allura. Safe da yamma. Na dafa shinkafa da farin ƙwai ina ba shi a tafin hannuna, ya lasa sau biyu ya kau da kai, in jira awa ɗaya in sake. In ya yi amai in wanke, in canza ciyawa. Jijiyar hannun dama ta toshe na koma hagu, ta hagu ta toshe na koma ƙafa. Kare ne da bai taɓa barin baƙo ya taɓa shi ba, amma yana miƙo mini hannu in ya ga na ɗauko auduga. Baba yana fita wajen tumaki ya dawo ya zauna a kan bokiti a gefensa. Abinci kuwa a tsaye yake ci, a waje, inda Brezu ba zai gan shi ba.

Rana ta takwas Kawu ya leƙo da wasu maza biyu.

"Iye! Likitar kyanwa ta sa masa igiya kamar injin wanki. A ina ake kunna shi?"

"A bakinka, Kawu, tunda ba ya mutuwa."

"Ke dai faɗi gaskiya. Shekara goma sha ɗaya karen nan yana cin tuwon masara bai taɓa amai ba. Wata shida a kan abincin buhu da ruwan kwalba, ga shi nan a shimfiɗe. Ilarie, ka bar yarinya ta yi karatu a kan karenka."

Na ga Baba ya buɗe baki. Na san abin da zai faɗa, na kuma san abin da zai biyo baya. Wata huɗu za su yi a kan dutse, maza shida a bukka ɗaya, kuma makiyayin da ya kashe karensa da ƙwayar gwiwa ba zai ƙara shan miya ba a tambaye shi ko a raba masa biyu. Har jikokin Kawu sai sun gaji labarin. Ni kuwa ina da mota, ina da Sibiu.

"Eh, maganina ne," na ce da ƙarfi. "Ni na ba shi, ni kuma zan zauna da shi. In kun gama kallo ku ja mini ƙofar, iska na shigowa."

Bayan sun fita Baba ya ce, "Me ya sa?"

"Riƙe mini ledar nan sama."

Kafin Lahadi duk ƙauye ya ji. A shago mata suka yi shiru da na shiga. Wata da na yi wa 'yan kwikwiyonta allura kyauta ta aiko a tambaya ko abin da na sa musu irin na Brezu ne. Na aika mata da ranar allura ta biyu, na ce in ta ga dama.

Rana ta goma sha uku ya cinye kwano guda, ya fita da kansa ya yi wa mai kawo wasiƙa haushi. Baba ya shigo da sauri har ya manta sandarsa. Na ɗebi jini na tafi Sibiu ina waƙa a mota. Lambobin gwajin sun fi na farko muni. Na zauna a bayan asibiti kusa da kwandon shara na yi kukan da zan yi, na wanke fuska, na taya abokiyar aikina riƙe wata 'yar kyanwa da aka kawo rigakafi, sannan na kama hanya. Ban daina ƙarin ruwan ba. Na san ba zai warke ba, amma yana rage masa tashin zuciya, kuma ban iya ajiye hannuna ba.

Jajibirin tafiya da yamma Baba ya sauko da bindiga daga saman kabad. Na tsaya a ƙofa.

"Ba da wannan ba."

"Matsa, 'yar nan. Ba a aika wani."

"Ba wanda ya ce ka aika. Kai za ka riƙe shi. Ko bayan tudun ba zai iya kaiwa ba, Baba, sai ka ja shi a ƙasa. Ina da allura. Barci zai yi."

Bai taɓa neman komai daga aikina ba, ranar ma bai nema ba. Ya dai jingine bindigar a bango.

"A bari sai da safe," ya ce. "Ya ji fitar tumaki."

Da gari ya waye muka fito da shi a kan bargo zuwa bakin ƙofar gida. Garken ya taho ta babban titi, ƙararrawa na kaɗawa, jakuna ɗauke da tukwane, ƙananan karnuka na zagaye. Brezu ya ɗaga kai. Ya kafa hannuwansa biyu ya tura, ƙirjinsa ya tashi, bayansa ya ƙi. Ya sake. Ya yi haushi sau ɗaya, wata tunkiya da ta kauce ta koma layi.

Baba ya zauna a ƙasa, ya ɗora kan karen a cinyarsa, ya rufe masa ido da tafin hannu. Na nemi jijiya, da ƙyar na samu a ƙafar baya. Na tura maganin allurar a hankali. Na sa abin sauraro a ƙirjinsa har na daina jin komai, na ƙara minti ɗaya, sannan na gyaɗa wa Baba kai.

Kawu ne a ƙarshen garke. Ya tsaya ya cire hula, ya dubi karen, ni bai dube ni ba.

"Ilarie, tumaki sun kai gada."

Tumaki ba sa jira. Baba ya zare cinyarsa a hankali, ya dafa kafaɗata ya miƙe. Ya ce, "Ƙarƙashin bishiyar gyaɗar turawan can, ƙasar ta fi laushi." Ya ɗauki sandarsa da jakarsa ya bi su yana ɗingishi, bai waiwayo ba.

Ƙasar ba ta da laushi. Duwatsu ne da saiwoyi. Maƙwabcinmu ya leƙo ta kan shinge ya ce ko ya kawo diga, na ce na gode, ina da tawa. Tafin hannuna ya yi bororo, ya fashe, na naɗa ƙyalle na ci gaba. Sai da rana ta karkata ramin ya kai zurfin da dila ba zai tona ba. Na koma bakin ƙofa ina tunanin yadda zan ja bargon ni kaɗai, kare mai kilo kusan hamsin. Na durƙusa na sa hannu a ƙarƙashinsa don in gyara shi, sai kawai ya taso a hannuna ba nauyi, ciwon ya cinye shi. Na ɗauke shi a ƙirjina har gindin bishiyar, ban huta a hanya ba.